Rigar sukari ta tsutsar tsargiya

Yau zancenmu bisa tsargiya ne, wato hitsarin jini. Kun san ta: tana kama yara masu wanka cikin tabki, da manoman rani masu wuni cikin ruwa. Wani likita, Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Masar, cikin shekara 1851.

Cikin jininmu akwai dakaru masu kashe baƙon da ya shigo. To, ƙaƙa tsutsa ke shekara 3 har 5 cikin hanyar jini, ba su kashe ta ba?

Ku saurara da kyau. Jikin tsutsa an gina shi da wani abu, sunansa furotin. Bisa furotin ɗin akwai ƴan ƙananan rassa na sukari. Ba sukarin shayi ba ne, kada wani ya je ya ce shayi ke kawo tsargiya! Waɗansu rassan sun yi kama da na jikin mutum. Har ma tsutsa kan kwashi na jininmu ta yafa. Dakaru su zo su duba, su ɗauka ƴar gida ce.

Ƙwanta kuwa ba shi ɓuya. Furotin mai sukari da ƙwai ke zubarwa shi ke kiran dakaru. Sai su taru su kewaye ƙwan da ya maƙale cikin bangon mahitsara. Wurin ya kumbura, ya yi miki, jini ya biyo hitsari.

Maganin tsargiya, praziquantel, yana yage rigar tsutsa, dakaru su gane ta. A 2004 aka soma raba shi kyauta ga ƴan lakwal a Nijar.