Manhajar da Ba Ta Jiran Sabis: Jawabi a Taron Reshen NUT na Sabon Birni

Shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata.

Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Wayoyinmu suka koma tocila da agogo. Mai neman saƙo sai ya nufi bakin iyaka yana lalubar sabis ɗin Nijar. A lokacin muka gane cewa ilimin da ke jiran intanet aro ne, ana iya karɓe shi dare ɗaya.

Shi ya sa muke gabatar muku da manhajar Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka ƙirƙiro a 2007. Tana ɗauke Wikipedia, har da ta Hausa, cikin fayil guda mai suna ZIM, a karanta ba tare da data ba. Rubutun asalinta a buɗe yake a shafin GitHub, kowa na da izinin ɗauka ya harhaɗa tasa.

Yaya ake harhaɗawar? Ba da harshen kwamfuta ɗaya aka rubuta ta ba. Fuskar da muke taɓawa an rubuta ta da Kotlin. Ɓangaren da ke buɗe fayil yana bincike a ciki kuwa da C++ aka yi shi, saboda saurinsa. Harsunan biyu ba sa jin juna, sai da tafinta a tsakani, ana kiransa JNI. Sannan Gradle, kamar sarkin magina, ya tattara sassan ya fitar da fayil ɗin APK da ake saka wa waya. Idan zubin wani sashe ya saɓa da na ɗan'uwansa, ginin sai ya tsaya. Mu da ke koyar da yaro Hausa da Larabci da Turanci a rana guda mun san wannan wahala.

Me ya kai malamin firamare ga wannan? Manhajar da ake tura mana ta Xender ba mu san hannun da ta bi ba, wani na iya cusa mata abin satar bayanai. Wadda aka harhaɗa daga tushe kuwa, an san abin da ke cikinta, ana kuma iya gyara ta daidai da buƙatar ajinmu.

Roƙonmu ga reshe biyu ne. Duk wanda aiki ya kai shi Sakkwato ya sauko mana da fayil ɗin Hausa, mu raba a makarantu. Na biyu, mu ware kwamfuta ɗaya, mu nemo cikin 'ya'yanmu da suka karanci kimiyyar kwamfuta wanda zai zauna ya gwada harhaɗawar, ya koya wa malamai biyu. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.