Giwa a Hoto, Giwa a Buhu

Makiyaya da ke mashekari, da fatake da ke kan hanyar Garwa da Kusiri da Banki, da 'yan uwa na New Bell a nan Duwala, barkanku da war haka. Zancenmu na yau a kan namun daji ne, da mutanen da ke biyan kuɗi don kawai su ɗauki hotonsu. Wani zai ce, to ni da ke bin saniya, ko ni da ke sayar da atamfa a Marché Congo, ina ruwana da wannan? Ka ɗan dakata, za ka ga inda ruwanka ya shigo.

Mu fara da nesa. A arewacin Amurka, a jihar Alaska, akwai gandun daji mai suna Katmai. Can ne ake samun wata ƙatuwar dabba mai gashi ruwan ƙasa, Turawa na ce mata beya. Babba a cikinsu ya kai nauyin bajimin sa. A watan Yuli kifi kan hauro kogi don ya yi ƙwai, su kuma sai su taru a bakin gangaren ruwa suna cafke shi. Mutane na shiga jirgin sama su je, su hau dandamalin katako, su wuni suna ɗaukar hoto. Kafin a bar baƙo ya shiga sai ma'aikatan gandu sun karanta masa doka: kada ka matsa kusa da dabbar fiye da mita 45, kada ka yawo da abinci. Baƙo ya koma gida da hoto, dabba tana nan, baɗi wani ya zo ya sake biya.

To, mu ma Allah bai bar mu hannu rabbana ba. Ga gandun Waza a kan hanyar Marwa zuwa Kusiri, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700. Tun 1934 aka keɓe shi, a 1968 ya zama gandun ƙasa. Akwai giwa da zaki da raƙumin dawa da gwanki da jimina. Lokacin bazara, wajen Maris zuwa Mayu, in tafkuna sun ƙafe saura kaɗan, dabbobi kan taru a bakin ruwa, nan ne mai hoto ke samun abin da ya zo nema. Ba a shiga sai da ɗan jagora. Ga gandun Binuwai da Buba Njida a jihar Arewa. A Nijeriya ga Yankari ta Bauci, wadda aka buɗe wa baƙi a 1962.

Amma misalin da ya fi kusa da makiyayi shi ne na Kure a Nijar, kamar kilomita 60 daga Yamai. Raƙuman dawan wurin ba shinge aka yi musu ba, tare suke kiwo da shanu da awaki a bakin gonakin mutane. A 1996 saura 49 kacal. Da aka tsare su, 'ya'yan ƙauyukan suka zama 'yan jagora suna samun na cefane, yau sun haura 600. Har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

Yanzu ka tambayi kanka, wa ya fi ka sanin daji? Baƙo ya zo da kyamara ta miliyoyi, amma bai san sawun zaki daga na kura ba. Kai kuwa in ka ga kashin giwa ka san ko na jiya ne ko na yau da asuba. Ka san inda iska ke kaɗawa, ka san tsuntsun da in ya yi kuka akwai abu a kusa. Wannan sanin shi ne jarin ɗan jagora. Yaron da ya tashi a ruga, in ya ƙara ɗan Faransanci ko Turanci ya nemi izini wurin hukumar gandu, ya sami sana'ar da ba ta hana shi kiwo.

Ba za mu ɓoye muku ɗacin abin ba, don ku ne kuke ɗanɗanarsa. Zaki na kashe shanu a kewayen Waza. Giwaye na fitowa su tattake gonar dawa a dare guda. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Maga a 1979 ambaliyar da ke shayar da fadamun Logon ta ragu, ciyawar rani ta yi ƙaranci, makiyayi da naman daji suka koma rububin wuri guda. In garke ya ƙetara iyakar gandu kuma, ga tara, ga tsare shanu. Mai wannan kuka yana da gaskiyarsa. Sai dai zuba guba a mushe ba ya dawo da saniya, kura da ungulu da karen rugarka ne za su fara mutuwa. Hanyar da ta fi ita ce ardo da lamiɗo su kai ƙara a rubuce, a nemi burtali da mashaya, a kuma yi wa shanu zariba mai ƙarfi da dare.

Abin da ya fi kashe wannan kasuwa kuwa bindiga ce. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da manyan makamai suka shiga Buba Njida suka kashe giwaye fiye da 200 saboda haure. A watan Fabrairu 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza, sai a Afrilu aka sako su. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar. Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Wa ya yi asara? Direba, da mai masauki, da mai tsire a bakin tasha, da maduku mai jakar fata da takalmi. Har 'yan uwanmu masu sayar da kayan hannu a Marché des Fleurs nan Duwala sun ji a jikinsu, don baƙon da zai je Waza sau da yawa ta nan yake sauka.

Yanzu gare ka, ɗan kasuwa. Haure da ɓawon ɗankunya da fatar damisa ba su da ƙafa. Wani ke ɗauko su, a cikin buhun albasa ko wake, ko ƙarƙashin motar shanu, zuwa tashar jiragen ruwan Duwala. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, a 2016 aka haɗa da aku mai jan wutsiya. Dokar Kamaru ta 1994 ta ce wanda aka kama da wani sashe na dabbar da aka hana kashewa, ana ɗaukarsa shi ya kashe ta: ɗauri shekara 1 zuwa 3, ko tarar sefa miliyan 3 zuwa 10, ko duka biyun. Sabuwar dokar 2024 ƙara tsanantawa ta yi. Don haka in wani ya ce, Alhaji, ga ɗan saƙo ka kai wa ƙanena, ce masa ya kwance ka gani. In ya ƙi, kai ma ka ƙi. A shingen duwan ko jandarma ba mai saƙo ake tambaya ba, mai mota ake tambaya. Kun san New Bell da kasuwa da masallaci, kun kuma san babban gidan kason Duwala a New Bell ɗin yake.

Ga masu waya a aljihu, in Allah ya haɗa ku da naman daji kuna son hoto, ku riƙe waɗannan. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin dorina da ruwa. Giwa in ta baza kunne tana kaɗa kai, ja da baya a hankali, kada ka yi ihu. Kada ka kunna fitilar waya a idon dabba. In kana mota zauna a ciki. In ka sa hoton a Facebook ko WhatsApp, kada ka faɗi sunan tafkin ko ƙauyen, don ba masu sha'awa kaɗai ke kallo ba.

Kai makiyayi ka fi kowa gane wannan lissafi. Saniyar tatsa kullum tana ba da nono, wadda aka yanka kuwa kasuwa ɗaya ce. Haka giwar Waza. In zaman lafiya ya dawo baƙi za su dawo, kuma sai sun tarar da dabbar da rai sannan ɗanka zai sami wanda zai yi wa jagora.

Allah ya tsare mana dukiya da hanya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.