Amsar Wasiƙa: Tsarabar Da Hannu Ya Saƙa

Wasiƙar da na zaɓa a wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Bayan gaisuwa, ta ce bana kuɗin hannunta ba za su kai ta sayi yadi ko turare ta yi wa mutanen gida barka da Sallah ba. Ta iya saƙa tun tana makarantar firamare, kuma ta ga hoton wani abin rufe wuya a wayar ƙanenta, mai zagaye kamar bakin tulu, ana zura shi ta kai. Tana so ta saƙa wa maigidanta, wanda ke bin kasuwannin ƙauye a kan babur, da kuma surukinta da ke sammakon zuwa fadama. Sai dai facalarta ta ce mata kyautar saƙa tallar talauci ce. Tana tambaya, ta yi ko ta bari? In za ta yi, yaya ake yinsa?

To Malama, ki yi. Amma bari mu fara da abin kansa, maganar facala ta biyo baya.

Ni dai safar wuya nake ce masa, tunda muna da safar hannu da safar ƙafa. Abin da ya sa na fi son ta a kan dogon mayafin da ake naɗawa shi ne ba ta da jela. Mai babur ya san abin da nake nufi. Bakin mayafi in ya sauko ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, kafin mutum ya taka birki ya riga ya shaƙe shi. Haka yake ga mai tsayawa kusa da bel ɗin injin niƙa, ko injin ban-ruwa a lambu. Safar wuya kuwa tana zaune a inda aka sa ta. In ƙura ta taso sai a ja ta a rufe hanci, in ta lafa a sauke.

Hotunan da kike gani a waya yawancinsu daga ƙasashen ƙanƙara suke, irin su Ingila da Amurka, inda ake wuni cikin sanyi. Namu hunturun ba haka yake ba. A ƙasar Kano da Katsina, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin azahar zafi ya doshi 30. Idan kika saƙa mai kauri kamar bargo, hantsi na yi zai cire ta, ba ta shiga aljihu, sai ya aje ta a rumfar wani ya manta. Saboda haka sirrin aikin shi ne ta zama shara-shara, marar nauyi, wadda za a ninke a cusa cikin aljihun riga.

Hanyar samun haka ba wuya. Ki nemi zare matsakaici, ba mai kaurin nan na hular jarirai ba, sannan ki yi amfani da allurar saƙa wadda ta ɗan fi zaren girma. Idan takardar jikin dunƙulen ta ce allura mai milimita 4, ke ki ɗauki mai 5. Saƙar za ta fito da 'yan ƙofofi, ta yi laushi, kuma ba ta cin zare. Giram 100 ya isa ta babban mutum.

Maganar awo kuma, kada ki wahalar da kanki, balle ma surukinki da ba za ki iya zuwa ki auna masa kai ba. Ki dubi hularsa. Hulunanmu da inci ake auna su, yawancin na manya tsakanin 21 ne da 23. Ki sa yaro ya ɗauko miki hular, ki zagaya bakinta da tef ko da zare, ki ƙara inci 1 ko 2 a kai. Wannan shi ne tsawon da za ki saƙa. Faɗi kuwa inci 9 ya isa, wato kamar taƙi guda da 'yan yatsu.

Ki jera ido 40 a kan allura, ina nufin zagayen zaren nan da ke hawa allura ɗaya bayan ɗaya. Ki yi saƙar gaba kawai, ki juya, ki sake yin ta gaba, haka har ƙarshe. Na san wasu za su ce layi ɗaya gaba layi ɗaya baya ya fi kyan gani. Gaskiya ne, amma irin wannan bakinta naɗewa yake yi kamar tabarma, alhali ta gaba zalla tana kwanciya, tana kuma miƙewa idan za a zura kai. Bayan kin yi inci 2 ki tsaya ki auna faɗin, domin hannun kowa daban: mai matse zare sai ta ƙara ido, mai sakin hannu ta rage. Gara ki warware inci 2 da ki warware 24. Idan tsawon ya cika, ki rufe idanun a sake, kada ki ɗaure tamau, sannan ki haɗa baki biyun ki ɗinke da basilla da ragowar zaren. Shi ke nan. Mai ba aikin awa ɗaya kullum bayan la'asar, cikin mako guda ko kwana goma ta gama. Mai kwarashi ma za ta iya, illa dai saƙar kwarashi ta fi cin zare kuma ba ta miƙewa sosai, sai ta ƙara inci guda a tsawon.

Yanzu ga inda nake so kowa ya kasa kunne, har da maza. Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Ba laifi ba ne, ya fi araha, yana jure wanki, kuma ba ya ƙaiƙayi. Amma wuta ba ta yi masa da sauƙi: narkewa yake yi ya manne a fata. Mu kuwa mutanen jin ɗumi ne, dattijo ya sunkuya kan wutar kara yana hura ta. In kina son ki san wanne kika saya, ki yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a tsakar gida. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar baƙin abu mai murmushewa a yatsa. Na roba ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar leda. Auduga kuwa ta ci kamar takarda ta bar toka. Idan na roba ne, ki aika masa da saƙo tare da kyautar cewa a cire ta kafin a matsa kusa da wuta. Jariri kuma kada a sa masa komai a wuya, ko na wane zare ne. Shi hula da safa sun ishe shi.

Ke da kike ƙasar auduga, in akwai tsohuwar da har yanzu take kaɗi a unguwarku, abawa mai laushi ma tana yi. Ba ta kai ulu ɗumi ba, amma ga tare iska da ƙura ta wadatar. Wata hanyar kuma ita ce tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo. Ki juya cikinta ki dubi ɗinkin gefe. Idan an yanka ne aka bi da keke, ki bar ta, guntaye za ta ba ki. Idan haɗa ɓangarorin aka yi ba yanka, za ta warware ta ba ki dogon zare. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki jiƙa, ki rataye ya bushe, lanƙwasar za ta tafi. Launi kuwa ki guji fari, hunturu ba ya barin fari. Ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu sun fi. Wanki da ruwan sanyi, ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa, don in aka rataye ta da ruwa a jiki sai ta zama ta wuyan raƙumi.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne nake ɗan saɓa miki. A Nijeriya ƙaramar Sallah ta 2023 ta faɗo ran 21 ga Afrilu, ta 2024 ran 10 ga Afrilu, ta 2025 ran 30 ga Maris. Kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11, kuma bisa lissafi ta 2030 za ta zo a farkon Fabrairu, cikin sanyi sosai, in Allah Ya kai mu. Amma idan Sallar ta zo bayan zafi ya shigo, kin ba mutum abin da zai jefa a akwati har Nuwamba. Ki dubi kalanda. In hunturu zai riga Sallah, ki ba da kyautarki ranar da sanyi ya fara cizo, ran Sallah kuma ki kai tuwo da miya mai kyau. Maƙwabtanmu Kirista su lissafinsu ya huta, Kirsimeti kullum 25 ga Disamba take, tsakiyar sanyi.

Batun facalarki kuma, ban ga abin faɗa ba. Babbar rigar da aka yi wa aikin hannu ta fi ta keke tsada, haka hular da aka ɗinka da allura, kuma ba wanda ya taɓa kiran mai su matalauci. Abin da ke zubar da kyautar hannu shi ne aikin ganin dama: zare na leƙe ta ko'ina, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ki ɓoye bakin zarenki, ki wanke ta, ki ninke cikin takarda mai tsabta, ki ba maigidanki ya kai wa Baba da kansa. In kuma wani ya gani a kasuwa ya ce a yi masa, kada kunya ta sa ki karɓi kuɗin zare kawai, ki lissafa har da kwanakin da kika zauna.

Abu guda da zan ƙara saboda surukin naki: safar wuya tana rage ƙura, amma ba magani ba ce. In tari ya wuce mako biyu bai saki dattijo ba, a kai shi asibiti a duba. Sauran wasiƙun da ke gabana sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.