Daga Farfela Zuwa Jet: Abin Da Kyaftin Ya Tuna



An so a ce yayanmu Kyaftin ne zai tsaya a gabanku, amma shekaru sun ja, jiki ya ƙi. Saboda haka na kwana biyu a gidansa ina tambaya yana amsawa, abin da na rubuto kuma shi zan karanta muku. Idan na yi tuntuɓe a maganar injuna a yi mini afuwa, domin alli na sani.

Ya koyi tuƙi a makarantar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Daga nan ya kama aiki a kan Fokker F27, jirgi mai farfela biyu. A farkon shekarun 1970 sai kamfanin Nigeria Airways ya kawo Fokker F28, ƙirar ƙasar Holan, mai ɗaukar fasinja kamar 65, injunansa biyu na Rolls-Royce suna maƙale a baya kusa da wutsiya. Aka zaɓe shi cikin waɗanda za su koma kansa. Ya ce ya tafi yana ganin kansa gwani, cikin mako guda ya koma ɗan aji ɗaya.

Gudu ne ya fara ruɗa shi. Mai farfela bai cika kai kilomita 500 a awa ba, wannan kuwa yana kai 800. A gajeriyar tafiya kamar Kano zuwa Kaduna, kafin ka gama hawa lokacin sauka ya yi, aikin da ka saba yi a tsanake sai ka yi shi hannu na rawa.

Amma abin da ya kusa raba shi da kujerar shi ne jinkirin inji. A mai farfela, da ka tura maƙura ƙarfi ya zo, iskar farfelar ma ta bugi fiffike ta ɗaga ka. Injin jet kuwa, idan ka bar shi ya lafa, sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya farka. Wata safiya cikin hazon hunturu suna gangarowa filin Kano, ya janye maƙura gaba ɗaya kamar yadda ya saba. Jirgi ya nutse ƙasa da layin sauka. Ya tura maƙura, shiru. Malaminsa ya karɓe tuƙi, da injuna suka amsa ya sake ɗaga jirgin suka zagayo. Bayan sun sauka bai yi masa faɗa ba, ya dai ce in aka kuma, zai koma kan farfela. A nan ya gane amfanin birkin iska na F28, wato ƙarshen wutsiya da ke buɗewa gida biyu: sai ka buɗe shi, ka bar injuna a farke, jirgi na sauka a hankali alhali ƙarfi na hannunka. Wata guda ya yi yana bitar wannan a kan kujerar ɗakinsa da dare. Ni da na yi shekara talatin ina fama da yara a kan bita, a nan na gyara zama.

Akwai kuma haɗarin doguwar wutsiya. Idan aka ɗaga hanci fiye da kima gudu ya ragu, fukafukai kan tare wa wutsiya iska, matuƙi ya kasa sunkuyar da jirgin. Haka jirgin gwaji na BAC 1-11 ya faɗi a Ingila a watan Oktoba na 1963, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Shi ya sa ake sa na'urar da ke girgiza sandar tuƙi ta gargaɗi matuƙi tun da wuri. Kyaftin ya ce har yau in ya tuna wannan girgiza tafin hannunsa kan yi gumi.

Waɗannan jirage yanzu sun kau daga samaniyarmu. An hana BAC 1-11 ɗaukar fasinja a ƙasar nan bayan haɗarin unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu, 2002, Nigeria Airways kuma ya daina aiki a 2003. Da zan taho, Kyaftin ya ba ni littafin da yake rubuta awoyin tashinsa, ya ce a ajiye a ɗakin karatu na firamarenmu, kuma kada a kulle shi a kabad. Malam Sakatare, ga shi.