Yaro Mai Baiwar Lissafi Kafin Shekara Goma: Wa Ke Riƙe Da Shi Bayan An Tashi Makaranta?

Lokacin da aka ba ni a taron nan kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Kusan duk tanadin da ƙasar nan ta yi wa yara masu baiwar lissafi a makare yake farawa. Makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja, wadda ta fara karatu a 1990, ta sakandare ce. Ta jihar Jigawa da ke Bamaina ma haka. Gasar lissafi ta Cowbell, da aka soma a 1998, ta 'yan sakandare ce. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda tana nan tun 1988, tana shirya gasa, tana zaɓen masu wakiltar Nijeriya a waje. To amma gasa tankaɗe take yi, ba ta raino. Kafin yaro ya kai shekarun da za a tankaɗe shi, ya yi shekara shida a aji mai cunkoso, inda ƙa'idar ɗalibi 35 ga malami guda ta tsaya a takardar manufofin ilimi kawai. Yaron da ya gama aikin allo cikin minti biyu sai a ce ya kama bakinsa, ko a ba shi bulala ya tsare masu surutu. Wanda ya warware tambaya ta hanyar da malam bai koyar ba, jan biro ne ladansa. Haka ake kashe su, ba da mugunta ba, da gajiya.

Abin da nake kira a kai shi ne zauren lissafi na mako-mako, a unguwa, cikin harshen Hausa, ga yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Ba lesin nake nufi ba. Lesin maimaicin aji ne da kuɗi, kuma yaro mai baiwa ba maimaici ya rasa ba.

Hujja tana nan jibge. A 1971 Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya fara bibiyar yara masu baiwar lissafi, Camilla Benbow da David Lubinski suka ci gaba da aikin, an bi rayuwar mutum sama da 5,000 tsawon shekaru gommai. Cikin abin da aka gano, ko a tsakanin masu baiwa iri ɗaya, waɗanda suka sami ƙarin damar karatu mai zurfi tun suna ƙanana sun zarce takwarorinsu wajen digirin digirgir da bincike da ƙirƙira. Wato maganar da jami'anmu ke fakewa da ita, cewa “mai ƙwaƙwalwa zai fitar da kansa”, bincike ya ƙaryata ta. Terence Tao na Ostireliya, wanda aka haifa a 1975, ya ci maki 760 cikin 800 a sashen lissafi na jarrabawar SAT yana ɗan shekara 8, ya shiga gasar lissafi ta duniya a 1986 yana ɗan shekara 10, ya ɗauki zinare a 1988, ya karɓi lambar Fields a 2006. Ana yawan kawo shi misalin baiwa daga Allah, kuma haka ne, sai dai a gidansu akwai uwa malamar lissafi, akwai kuma manya da suka zauna suka tsara masa karatu daidai ƙarfinsa. A Turai kuwa, Hangari ta fara mujallar tambayoyin lissafi ta 'yan makaranta tun 1894. Leningrad ta yi gasar lissafinta a 1934, Mosko a 1935, kuma abin da ya ciyar da waɗannan gasa shi ne zaurukan da malaman jami'a da ɗalibansu ke zama da yara bayan makaranta. A farkon shekarun 1980 Alexander Zvonkin ya riƙa tara ɗansa da 'ya'yan maƙwabta, waɗanda ba su ma shiga firamare ba, a falonsa a Mosko, da ashana da maɓallai da tsabar kuɗi. Littafi guda ya fito daga wannan zama.

Mu kuwa kayan aikin suna tsakar gidanmu. Ɗauki hatimi mai gida tara. Ka zana wa yarinya 'yar shekara bakwai gidajen a ƙasa, ka ce ta zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Kada ka faɗa mata jimlar. Za ta yi ta sharewa da tafin hannu, ta ɓata rai, ta dawo. In ta gano 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, aikin bai ƙare ba, yanzu ma ya fara. Tambaye ta: me ya sa 15, ba 14 ba? Ranar da ta ce ai duka lambobin 45 ne, layi uku za su raba, ranar ta kafa hujja ta farko a rayuwarta. Sai ka bar ta da wata tambayar ta kwana da ita: me ya hana 5 barin tsakiya? Daga nan a hau mai gida 25, inda kowane layi ke ba da 65. Na san wasu za su ce kayan tsibbu ne. Ni dai na san cewa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gefen mara a 1732, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa. 'Ya'yan Katsina nawa aka taɓa gaya wa sunansa a aji?

Dara ma haka: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba ka ci sai ka hango motsin abokin wasa tun kafin ya yi. Ga rabon gado, wanda malaman zaure suka riƙe ƙarni da ƙarni. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kashi biyu cikin uku. Ka ba ɗan shekara tara tsakuwa shida ya raba. Uku na miji, huɗu nasu, bakwai ke nan, tsakuwa ta gaza. Kallon da zai yi maka a wannan lokaci ya fi shafi ashirin na aikin gida daraja, kuma daga nan ne zai fahimci auli, wato rage wa kowa rabonsa daidai gwargwado, da kansa.

Ga iyaye, magana biyu. Kada a mai da yaro abin nunawa baƙi, a riƙa kiransa falo ya ninka lambobi. Kuma in ya cije a tambaya, a bar shi da ita. Saurin ba da amsa sata ce daga rabonsa. 'Ya'ya mata su zauna a zauren tun ranar farko, kada tallar yamma da wanke-wanke su cinye musu sa'ar.

Za a tambayi kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko, kuma kowa a ɗakin nan ya san jihohi na barin biliyoyin naira kwance a hukumar UBEC don sun ƙi biyan nasu kason. Mai barin wannan ba shi da bakin cewa babu kuɗin alli da tabarma. Ajin firamare a rufe yake ranar Asabar. Sassan lissafi na ABU Zariya da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, da kwalejojin ilimi, cike suke da ɗalibai da za a iya lissafa musu sa'a biyu a mako cikin aikin koyon koyarwa. Abin da ya rage takardar umarni ce daga hukumomin ilimin firamare na jihohi ta buɗe ajujuwan, da ɗan littafin tambayoyi cikin Hausa wanda sassan nan za su haɗu su rubuta. Ina roƙon kwamitin sanarwar bayan taro ya sa waɗannan biyun da sunan hukumar da za ta yi kowanne da wa'adinsa, kada a rubuta mana “ya kamata gwamnati ta duba”.