Tsallen Kwaɗo Da Tafin Ƙafar Ɗan'adam

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya



Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, a zaman kwamitin tallafin karatu, wani yaronmu ya ce yana son nazarin halittun ruwa, sai aka kwashe da dariya, wai zai je jami'a kamun kwaɗi. Ni ma na yi murmushi, kuma ban ji daɗin kaina ba daga baya.

A Jami'ar Brown ta ƙasar Amurka akwai wani shehun malami, Thomas Roberts, wanda ya daɗe yana binciken yadda tsoka da jijiya ke motsa dabba. Masana sun lura cewa tsallen kwaɗo ya fi ƙarfin abin da tsokarsa kaɗai za ta iya. A shekarar 2012 shi da ɗalibinsa Henry Astley suka ɗauki hoton cikin ƙafar kwaɗo yana tsalle, suka ga cewa tsokar tana fara taƙurewa tun gaɓar ba ta motsa ba. Wato tana ja jijiyar ne kamar yadda yaro ke ja danƙon harbin tsuntsu, sannan a sake ta gaba ɗaya.

To, irin wannan danƙo yana ƙafar kowannenmu. Tun a 1987 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka nuna cewa idan mutum yana gudu, agararsa na adana kimanin kashi 35 cikin ɗari na ƙarfin kowane taku ta mayar masa, lanƙwasar tafin ƙafa kuma kimanin kashi 17. Masu ƙera takalmin gudu da ƙafar roba ta guragu suna buƙatar irin wannan sani.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne aikinsu na 2013. Tsalle mafi nisa da masana suka taɓa aunawa na wani babban kwaɗon Amurka a ɗakin gwaji bai wuce mita 1.3 ba. Sai suka tafi bikin gasar tsallen kwaɗi da ake yi kowace shekara a gundumar Calaveras ta jihar Kalifoniya, suka ɗauki hoton tsalle sama da 3,000. Kwaɗin gwanayen gasar suka kai har mita 2.2. Waɗannan mutane ba su da digiri a fannin, amma sun san ɗumin da kwaɗo ke so, sun kuma san yadda ake zaburar da shi. Malaman ba su ɓoye ba, suka rubuta cewa awon ɗakin gwaji ya gaza. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya daga littafi, ga kududdufi cike da kwaɗi bayan aji, ban taɓa fita da yara mu auna tsalle ko ɗaya ba.

Takardar yaron nan tana gaban kwamiti har yanzu. Ina roƙon shugaba a sake duba ta kafin a rufe rajistar jami'a.