Jawabi ga Matasa Masu Neman Aiki: Faɗin Abin da Ka Yi Ba Yabon Kai Ba Ne

 

An kafa yankin ciniki marar haraji na Maigatari a zamanin gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, domin a jawo kamfanoni su sarrafa riɗi da zoɓo da sauran amfanin gonarmu su kai ƙasashen waje. Tafiyar ba ta yi saurin da aka so ba. An rufe iyaka a watan Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Saboda haka guraben aiki kaɗan ne. In gurbi ɗaya ya faɗi hannun wani domin yaronmu ya kasa buɗe baki a wajen intabiyu, gida guda ne ya yi asara.

Mun taso da tarbiyya mai kyau. Yaro yakan sunkuyar da kai gaban babba, ana kuma gaya mana yabon kai jahilci ne. Amma kamfani ba kasuwar Alhamis ta Maigatari ba ce, inda dillali yake yabon raƙumi mai shi yana gefe. A ɗakin intabiyu babu dillali. Wanda yake tambayarka bai san mahaifinka ba, abin da ka faɗa shi zai rubuta.

Bari mu ɗauki misalin Amazon, babban kamfanin ciniki ta intanet da Jeff Bezos ya kafa a Amurka a 1994. Kamfanin yana da ƙa'idodin shugabanci guda 16 a rubuce, kuma a kansu yake gina tambayoyinsa. Ba ya tsayawa kan satifiket kawai. Yakan ce: ba mu labarin wata rana da ka saɓa da ubangidanka a kan aiki, ko ranar da ka yi kuskure. Amsar da ake so tana da gaɓa huɗu: halin da ake ciki, aikin da ke wuyanka, abin da kai da kanka ka yi, da yadda aka ƙare. Irin waɗannan tambayoyi sun bazu, za ku iya gamuwa da su a kamfanin waya ko banki a Kano ko Dutse.

Wani zai ce bai taɓa aikin ofis ba, wane labari zai bayar? Kuna da labarai. Yarinyar da ta riƙe littafin adashi shekara biyu ba a rasa ko kwabo ba, ta iya riƙon amana da lissafi. Saurayin da yake cajin waya ko POS a tasha ya san yadda ake sauko da mai ciniki in ya fusata. A ce an tambaye ka, ka amsa haka: “Ina taya yayana sayen zoɓo. Na ga buhu shida sun yi danshi. Na gaya masa, muka ware su muka sake shanyawa, mai saye ya karɓi kayan duka.” Wannan ba fahariya ba ce, shaida ce. Sai dai kada a ƙara gishiri, gama za a bi ka da tambaya kan tambaya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Yanzu ga iyayen gida da shugabannin ma'aikata da ke tare da mu. Zoɓon da ake aunawa a nan yana kaiwa har Meziko, kuma ƙwaro ko danshi a 'yan buhuna yakan sa a ƙi kaya gaba ɗaya. Wa yake fara ganin danshin? Ba manaja ba ne, lebura ne mai ɗaukar buhu da matan da suke tsince. In an saba tsawata wa wanda ya kawo labari marar daɗi, kowa zai kama bakinsa har a loda mota. Shugaba nagari yakan tambayi na ƙasa da shi, ya saurara, ya biya haƙƙi a kan lokaci, ya ɗauki mutum don ya iya aikin, ba don ɗan wane ne ba.

Ga abin da muke roƙo. Kowane matashi ya rubuta labarai uku na gaskiya bisa gaɓoɓin nan huɗu, da Hausa da Turanci. Ku zauna bibbiyu, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa. Ranar intabiyu ku isa da wuri, da takardunku na ainihi da kwafinsu. Wanda ya ce ku biya kuɗi kafin a ba ku aiki, ku guje shi. Iyaye kuma, ku bar 'ya'yanku su gwada amsa a gabanku, musamman 'yan mata, har muryarsu ta daina rawa.